Riga, Jaka ko Akwati: Wace Kariya Ta Dace da Na'urar GPS ta Hannu?

Duk wanda ya sayi na'urar GPS ta hannu, irin wadda masu safiyon filaye, ma'aikatan gandun daji, masunta da masu hawan tsaunuka suke riƙewa, abin da yakan fara faɗo masa a rai shi ne yadda zai kare ta daga ruwa. Alhali kuwa ruwa shi ne abin da masu ƙera ta suka riga suka yi wa tanadi tun daga masana'anta. Na'urorin hannu na kamfanin Garmin, tun daga ƙaramar eTrex har zuwa babbar Montana, suna ɗauke da shaidar IPX7, wadda a ƙa'idar IEC 60529 take nufin cewa na'urar za ta jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 har tsawon minti 30. Saboda haka ruwan sama, ko da kamar da bakin ƙwarya ake yin sa, ba shi ne ajalin irin wannan na'ura ba, muddin murfin batir da na wurin caji suna rufe da kyau. Abin da ya fi halaka ta shi ne ta faɗi rub da ciki a kan dutse fuskarta ta tsage, ko a danne ta da kaya masu nauyi a bayan mota, ko yashi ya yi ta cin fuskarta a hankali har taswira ta daina karantuwa a rana, ko kuma ta suɓuce daga hannu a wurin da ba a iya sauka a ɗauko.

Wannan ne ya sa tambayar da aka fi yi, wato wace jaka ce ta fi ƙwari, ba ita ce ta dace a fara da ita ba. Na'urar tana shiga hali biyu ne mabambanta. Akwai lokacin da take kunne tana bin sawun tafiya, ana ciro ta ana mayarwa sau da yawa a cikin awa guda, akwai kuma lokacin da take kashe ana jigilarta ko tana ajiye. Abin da ke ba ta cikakkiyar kariya a hali na biyu shi ne yake hana ta aiki a hali na farko, kuma wanda ya nace sai abu ɗaya ya biya masa buƙatun nan duka, ya nemi tauna taura biyu ne a lokaci guda.

Kafin a kwatanta nau'o'in kariyar, ya kamata a san abubuwa uku da na'urar take dogara da su, domin kowace riga ko jaka tana iya ɓata ɗaya daga cikinsu ba tare da mai ita ya farga ba. Na farko shi ne ganin sararin sama. Taurarin ɗan'adam na GPS suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga doron ƙasa, siginar da suke aikowa takan iso a raunane ƙwarai, kuma sai na'urar ta ji aƙalla huɗu daga cikinsu kafin ta iya faɗin inda take da tsayin wurin. Siginar tana ratsa yadi, da roba, da silikon, da soso ba tare da wata asara ta a zo a gani ba, amma ƙarfe da alminiyam da zaren kabon suna tare ta. Ruwa ma yana shanye ta, kuma tunda jikin mutum galibinsa ruwa ne, na'urar da aka rataya a ƙugu jikin mai ita ya riga ya rufe mata sashe babba na sama. Wanda ya taɓa ganin sawun tafiyarsa a taswira yana karkacewa zuwa cikin tafki alhali a bakin hanya ya bi, sau da yawa ba na'urar ce ta yi laifi ba, wurin da aka rataye ta ne.

Na biyu shi ne kamfas. Na'urori irin su eTrex 32x da GPSMAP 65s suna da kamfas na lantarki a cikinsu wanda yake jin maganaɗisun ƙasa, shi ne ke nuna wa mutum inda ya fuskanta ko da yana tsaye cak. Maganaɗisun ƙasa ba shi da ƙarfi idan aka gwada shi da ɗan guntun maganaɗisun da ake ɗinkewa a murfin jaka. Na taɓa amfani da wata 'yar jaka mai kyan ɗinki wadda murfinta yake rufe kansa da zarar an sake shi, na kuwa yi ta yabonta, har ranar da na tsaya a mararrabar wasu hanyoyi biyu na ƙafa na zaro na'urar rabi daga cikinta don in duba. Kibiyar ta nuna hagu, na zaro ta gaba ɗaya na miƙa hannu sai kibiyar ta juya a hankali ta koma dama. Na maimaita haka sau uku, ina kusantar da murfin ina janyewa, kibiyar tana bin sa kamar raƙumi da akala. Tun daga ranar duk jakar da ke rufewa da maganaɗisu na cire ta daga lissafi, komai kyanta.

Na uku shi ne ma'aunin tsayi mai aiki da matsin iska. Waɗannan na'urori masu kamfas galibi suna da wata 'yar kafa a jikinsu wadda iska take shiga, kuma da yake matsin iska yana raguwa da kimanin milibar 1 a duk hawan mita 8 a kusa da matakin teku, da wannan canjin suke lissafa yawan hawa da gangara. Idan riga ta toshe wannan kafa, ko aka rufe na'urar a cikin leda aka matse, lissafin tsayi zai rikice. Wanda na'urarsa ba ta da waɗannan ma'aunai biyu, kamar mai eTrex 22x ko GPSMAP 65 marar harafin s, ya huta da wannan damuwa, sai ta ganin sama kawai.

Rigar silikon ita ce mafi sauƙi, kuma a ganina ita ce ta fi dacewa da lokacin aiki. Ana ƙera ta daidai jikin samfuri guda, ta rungumi baya da gefuna da kusurwoyi, ta bar fuska da madannai a buɗe. Amfaninta na farko ba ma tare bugu ba ne, hana santsi ne, domin na'urar da ta jiƙe da gumi ko ruwa tana zamewa daga hannu, ita kuwa silikon tana kama tafin hannu, tana kuma hana na'urar zamewa idan an ajiye ta a kan dutse mai gangara ko kujerar jirgin ruwa. Idan leɓen rigar ya ɗan ɗara fuska tsayi, to na'urar da ta faɗi a kan shimfiɗaɗɗen wuri leɓen ne zai fara taɓa ƙasa. Ba ta tare sigina, ba ta rikita kamfas, nauyinta kuma bai taka kara ya karya ba. Wadda take da launi mai ɗaukar ido, ruwan lemo ko rawaya, tana da ƙarin amfanin da ba a cika ambata ba, domin baƙar na'urar da ta faɗa cikin ciyawa da magariba sai an sha wuya kafin a gan ta.

Aibinta kuma ba ɓoyayye ba ne. Ba ta kare fuska daga tsinin dutse ko kaɗan, ba ta kuma hana a danne na'ura. Ƙura da yashi suna shigewa tsakaninta da jikin na'urar, kuma wanda ya ɗauki watanni bai cire ta ba, ranar da ya ɓare ta zai tarar da siririn layin rairayi a gefuna, jikin robar kuma ya dushe a wurin kamar an goge shi da sanfefa. Ruwa ma yana maƙalewa a ciki ya ƙi bushewa. Ga masu amfani da batura irin AA akwai wata wahalar, domin sai an tuɓe rigar kafin a buɗe murfin baya, kuma yawan tuɓewa da mayarwa yana sa ta saki jiki har ta fara zamewa da kanta. Mai GPSMAP 65, wadda batura biyu suke kai ta kimanin awa 16, zai fi jin wannan fiye da mai eTrex 22x da takan kai awa 25. Kafin a saya a duba ko an bar wurin ƙugiyar baya a buɗe, domin wasu riguna suna rufe shi, sai a wayi gari an sami kariya an rasa hanyar rataya.

Jakar yadin nailan ita ce aka fi gani, ita ce kuma aka fi yin kuskure wajen zaɓenta, shi ya sa ta cancanci a ɗan dakata a kanta. Masu sayarwa sukan rubuta 500D ko 1000D, musamman a kan yadin Cordura. Harafin D yana nufin diniya, ma'aunin kaurin zare, wato nauyin giram nawa zare mai tsawon mita 9,000 yake da shi. Mai 1000D ya fi kauri da jure gogayya, amma ya fi nauyi da tauri, kuma ga 'yar jakar da ba ta wuce tafin hannu ba, 500D ya wadatar ƙwarai. Yadin waje ba shi ne yakan fara mutuwa ba. Abin da ke fara lalacewa shi ne ɗinkin madaurin baya da kuma abin rufewa. Abin da ya fi cancanta a duba shi ne cikin jakar: shin akwai siririn soso a ɓangaren da fuska take kallo, kuma shafin ciki mai laushi ne ko kuwa mai kaushi wanda zai riƙa karzar fuska duk lokacin da aka zaro?

Abin rufewa iri uku ne idan aka cire maganaɗisu. Zif yana rufewa ruf, ba ya barin komai ya faɗo, sai dai yana son hannu biyu, yashi yana cinye haƙoransa, kuma kan zif na ƙarfe yakan karci fuska idan bakin jakar ya yi ƙunci. Velcro, wato ƙyallaye biyu masu manne wa juna idan an haɗa su, yana buɗuwa da hannu ɗaya cikin sauri, amma yana tara ƙaiƙayi da 'ya'yan ciyawa har ya daina kamawa, ga kuma ƙarar ɓarewarsa wadda mai kallon tsuntsaye ko mai bin sawun namun daji ba zai so ba. Maɓallin roba mai shiga da ƙaras, ko igiyar roba mai talewa da ake ɗorawa a kan na'urar, su ne suka fi jure datti, kuma ni su nake fifitawa ga jakar da za a riƙa buɗewa a kai a kai.

Wurin da jakar take zama a jiki ya fi yadinta muhimmanci. Mai shiga bel tana ajiye na'urar a ƙugu, inda jiki yake tare sama, inda kuma ɗamarar babbar jakar goyo take bi, sai su riƙa takura juna. Wadda ake ɗaurewa a madaurin kafaɗa ta fi ta nesa ba kusa ba, domin eriya tana kusa da saman kafaɗa tana kallon sama, hannu kuma yana kai mata ba tare da an tsaya ba. Wannan ya fi dacewa da jerin GPSMAP masu eriya a tsaye kamar ɗan yatsa, waɗanda suka fi ji idan eriyar tana nuna sama, kuma jakar da aka yi dominsu takan bar eriyar a waje. Ga na'urori masu inReach, waɗanda suke aika saƙo ta taurarin Iridium, wannan batu ya wuce na jin daɗi, domin saƙo ba ya fita sai eriya ta sami sarari, kuma madannin neman agaji na SOS bai kamata ya kasance a ƙarƙashin zif da murfi ba. Jakunkuna masu tsarin MOLLE, wato layukan madauri masu faɗin milimita 25 da aka ɗinke a duk milimita 38, suna zama daram ba sa lilo, amma fa sai idan jakar goyon ma tana da irin waɗannan layuka.

Akwai jakar niyofirin, irin robar da ake yin rigar masu ninƙaya da ita. Tana da laushi, tana tare ƙananan bugu fiye da nailan marar soso, tana kuma ɗan riƙe ɗumi a lokacin sanyi mai tsanani, abin da batura suke so. Amma tana shan ruwa ta daɗe ba ta bushe ba, tana riƙe warin gumi, kuma ba ta hana dannewa. Ta fi dacewa da wanda zai jefa na'urar cikin aljihun jaka tare da makullai da tocila, yana son abin da zai raba su kawai.

Daga nan sai kariyar lokacin jigila. 'Yar akwatin EVA, wato soso mai tauri da aka gasa a cikin zubi aka lulluɓe da yadi aka sa masa zif, ita ce tsaka-tsaki. Tana riƙe siffarta idan aka danna da hannu, tana da ragar aljihu a murfi don wayar caji da batura, ba ta da nauyi, kuma ga yawancin mutane ta isa a sa na'ura a cikin jakar tafiya hankali kwance. Ba ta hana ruwa shiga, domin zif ɗinta na yau da kullum ne, kuma idan aka ɗora mata buhu mai nauyi ko aka taka ta za ta lotsa. Kuskuren da aka saba yi da ita shi ne cika ragar murfin da batura, domin idan aka rufe, baturan suna kwanciya ne daidai kan fuskar na'urar, sai akwatin da aka saya don kare fuska ya zama shi ne mai fasa ta. Mai kyau tana da wani shafi mai soso a tsakiya da ke raba sama da ƙasa. Idan babu shi, a kifa na'urar fuskarta ta kalli ƙasa.

Akwati mai tauri, irin ƙananan akwatunan Pelican da ake sayarwa da sunan Peli a Turai, shi ne ƙarshen kariya. Jikinsa robar polikabonet ce mai ƙwari, bakinsa yana da roba mai hana ruwa, kuma yana ɗauke da shaidar IP67. A nan akwai bambancin da ya kamata a fahimta. Lambar farko a wannan shaida ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa, kuma 6 a wurin farko tana nufin ƙura ba ta shiga sam. Harafin X da ke cikin IPX7 na na'urar kanta yana nufin ba a ba da wata shaida game da ƙura ba. Don haka ga mai aiki a wurin da ƙura take tashi kullum, kamar wurin haƙar ma'adinai ko doguwar tafiya a kan babur a hanyar da ba kwalta, akwatin yana ƙara wani abu da na'urar ba ta yi alkawarinsa ba. Yana da ɗan bawul da ke daidaita matsin iska, don kada murfi ya ƙi buɗuwa bayan an sauko daga jirgin sama ko kan tsauni.

Sai dai akwatin yana da nauyi da girma, ba a iya danna komai ta cikinsa, kuma idan na'urar ba ta cika shi ba za ta riƙa kai da kawo tana bugun bango, sai an cusa soso ko ƙyalle. Babban haɗarinsa kuwa daga ƙarfinsa ya fito: abin da ya hana ruwa shiga shi ne yake hana shi fita. Na'urar da aka rufe a jiƙe za ta kwana cikin danshi, kuma idan akwai batura a ciki, ƙarafunan da suke taɓa su ne za su fara tsatsa. A bushe ta tukuna, a jefa ɗan ƙunshin silika mai shan danshi a ciki, a kuma cire batura irin alkalin idan ajiyar za ta daɗe, domin sukan tsiyaye su ci wurin zamansu. Akwati mai murfi garau da aka bari a gaban mota a rana yakan zama tanda, ga shi kuwa zafin gaban mota a rufe yana iya haura digiri 60, wanda ke gajarta ran batirin litiyam.

Ledar ruwa mai haske, irin wadda kamfanoni kamar Aquapac suke yi, ita ce mutane suka fi saya ba tare da suna buƙatarta ba. Ga na'urar da take da IPX7, ƙara mata leda a ruwan sama ɗora wa kai wahala ne: fuska tana dushewa, hasken rana yana ƙyalli a kan ledar, gumi yana taruwa a ciki, madannin eTrex mai kama da 'yar sanda yana wuyar sarrafawa, kuma duk matsar da hannu ya yi wa ledar sai ma'aunin tsayi ya ɗauka an gangara. Inda take da amfani na gaske shi ne ruwan gishiri da taɓo. Gishiri yana cin wurin caji da ƙananan ƙarafuna, taɓo kuma yana shiga ƙarƙashin madannai. Iskar da ta rage a cikin ledar takan sa ta yi iyo, wannan kuwa babban abu ne, domin jure ruwa daban, iyo daban. Na'urar eTrex idan ta faɗa kogi nutsewa za ta yi, kuma alkawarin mita 1 ba ya aiki a ƙasan ruwa mai zurfin mita 10. Jerin GPSMAP 79 da 86 ne aka ƙera don su yi iyo da kansu. Wanda zai sayi leda ya nemi ta robar TPU, domin ta robar PVC tana sandarewa a sanyi ta tsage a wurin naɗi.

Abubuwa biyu ƙanana sun rage, kuma ina ganin sun fi duk waɗanda aka ambata biyan kuɗinsu. Na farko shi ne abin kare fuska da ake mannawa. Mai gilashi yakan zo da rubutun 9H, wanda mutane suke ɗauka kusan taurin lu'ulu'u ne, alhali ma'aunin taurin fensir ne kawai. A ma'aunin Mohs na taurin ma'adinai gilashin yau da kullum yana wajen 5.5, ƙwayar yashi kuwa, wadda galibinta ma'adinin kwaz ne, tana da 7, saboda haka yashi zai karce shi ko ana so ko ba a so. Amfaninsa shi ne ya karɓi karcen a madadin fuskar asali, a ɓare shi a sa wani. Mai gilashi ya fi tare tsinin dutse kuma ya fi haske, siririn mai kama da leda kuma ya fi bin fuskar da take da ɗan lanƙwasa, ba ya kuma tsagewa a gefe. A kan babbar fuskar Montana 700 mai inci 5, wadda da yatsa ake sarrafa ta, barin fuskar tsirara ganganci ne. Wanda ake cewa yana hana ƙyalli yakan ɗan dusashe ƙananan rubutun taswira, don haka mai raunin gani ya gwada kafin ya amince.

Na biyu shi ne igiya. Babu rigar da za ta ceci na'urar da ta gangara daga bakin kwazazzabo. Siririyar igiya daga kafar da ke ƙasan na'urar zuwa madaurin kafaɗa, mai tsawon da zai bari a miƙa hannu amma ba zai bari na'urar ta kai ƙasa ba, ta kawar da haɗarin faɗuwa da na ɓata baki ɗaya. Ƙugiya mai maƙalewa a bayan na'urar tana da sauƙin amfani, amma tana barin ta tana lilo tana bugun duwatsu idan an sunkuya. Igiyar wuya kuma, a cikin kurmi ko kusa da inji, ta kasance mai tsinkewa da kanta idan aka fizge ta.

Batun girma ba ya son kintace. Tsawon eTrex 22x santimita 10.3 ne, na GPSMAP 65 santimita 16, na GPSMAP 67 santimita 16.3, Montana 700 kuwa ta haura santimita 18 kuma nauyinta ya kusa giram 400. Girman da ake rubutawa a kan akwati wani lokaci na waje ne, don haka na ciki za a nema. Akwatin Pelican 1040 tsawon cikinsa kimanin santimita 16.5 ne, wato GPSMAP 67 da ƙyar za ta shiga tsirara, idan kuwa tana sanye da riga sai a koma ga 1060 mai kimanin santimita 21. A auna na'urar da rigarta da ƙugiyarta a jiki, domin haka za ta shiga. Rigar silikon kuwa ba ta yarda da kusa-kusa, sai ta samfurin da aka yi ta dominsa.

Rubutun MIL-STD-810 da ake gani a kan wasu na'urori da akwatuna shi ma yana son a karanta shi da natsuwa. Kundin gwaje-gwaje ne na sojan Amurka, kuma gwajin faɗuwa da aka fi ambata a cikinsa shi ne a saki abu daga tsayin santimita 122 har sau 26, wato a kan fuskoki 6, gefuna 12 da kusurwoyi 8. Amma kundin ya yarda a raba faɗuwar tsakanin samfura har biyar, kuma kamfani ne yake zaɓar gwajin da zai yi ya kuma ba da sanarwar sakamakon. Idan ba a faɗi wane gwaji aka yi ba, rubutun bai gaya wa mai saye komai ba. Wani abin da babu shaidar da take karewa daga gare shi shi ne man korar sauro mai sinadarin DEET, wanda yake narkar da wasu nau'o'in roba ya bar tabon yatsa a kan fuska da murfin akwati, don haka a wanke hannu bayan an shafa.

Idan aka haɗa duk wannan, mai tafiyar ƙafa da jakar goyo zai wadatu da abin kare fuska, da igiya, da jakar kafaɗa mai buɗaɗɗen sama, rigar silikon kuma ƙari ce idan hanyarsa ta duwatsu ce. Mai safiyo ko ma'aikacin gona da na'urar take hannunsa yini guda, riga da abin kare fuska ne nasa, sai 'yar akwatin EVA don komawa da ita. Wanda kayansa suke tafiya a bayan babbar mota, ko a kan babur, ko ƙungiyar da take raba na'urori ga ma'aikata da yawa, akwati mai tauri ya zama dole gare su. Mai aiki a kan ruwa kuwa iyo ne damuwarsa ta farko: ko na'ura mai iyo da kanta, ko leda, ko igiya mai soso, kuma a kowane hali a ɗauraye da ruwan daɗi bayan an fito daga na gishiri.

Kowace aka saya, a gwada ta a gida tun ba a fita ba. A buɗe shafin taurari a fili, a dubi tsayin sandunan sigina da na'urar a hannu, sannan a sa ta a jakar a wurin da za ta zauna a jiki a sake dubawa bayan minti biyu. A buɗe shafin kamfas a zagaya jakar kusa da ita a ga ko kibiya za ta motsa. Leda ko akwati kuma a sa busasshiyar takarda a ciki, a danna cikin bokitin ruwa na rabin awa, a buɗe a taɓa takardar. Wanda yake dogara da iyo ya saki na'urar a cikin bokitin tare da ƙugiya da duk abin da zai rataya mata, domin nauyin ƙugiyar ƙarfe kaɗai yana iya jan leda mai ƙarancin iska zuwa ƙasa.